572, 90, 3: Abin da alƙaluma ke faɗa game da ginin jimlar Sinanci

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu koyon harsuna, wai Sinanci ba shi da nahawu, haddar kalmomi ce kawai da wahalar rubutu. Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar Sin ba ta tare da masu wannan ra'ayi. A takardar ma'aunin da ta fitar domin baƙi masu koyon harshen, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2021, an jera ƙa'idojin nahawu 572 da ake so ɗalibi ya mallaka kafin a ce ya kai ƙarshe. Tare da su akwai kalmomi 11,092, haruffan rubutu 3,000 da gaɓoɓin furuci 1,110, duka an rarraba su a matakai tara.

Lamba ce mai sa gaban mutum ya faɗi, amma sai an dubi yadda aka raba ta kafin a san nauyinta. Matakin farko ƙa'idoji 48 ne da kalmomi 500. A mataki na biyu jimillar ƙa'idojin ta kai 129, a na uku 210, a na huɗu 286, a na biyar 357, a na shida 424, sannan matakai uku na ƙarshe, waɗanda aka haɗe wuri guda, suka cike 572. Mai karatu ya lura da 286: rabin 572 ke nan cif, ba ragi ba ƙari. Ɗalibin da ya gama mataki na huɗu ya riga ya ga rabin nahawun da za a nema a wurinsa, alhali kalmomin da ke kansa 3,245 ne, ba su kai kashi 30 cikin 100 na jimillar ba. A matakin farko kowace ƙa'ida tana tafe da kalmomi wajen goma. A matakai uku na ƙarshe kuwa ƙa'idoji 148 aka ƙara a kan sababbin kalmomi 5,636, ƙa'ida ɗaya ga kalma 38 ke nan. Nahawun da wuri yake zuwa, ya kuma yi sauƙi da wuri. Kalmomi ne ba sa ƙarewa.

Kada kuma a ɗauka ire-iren jimla 572 ake nufi. Cikin lissafin har da ƙananan abubuwa, irin su yadda ake amfani da mahaɗi guda ko wani daskararren furuci. Ginshiƙan jimlar kansu ana iya ƙirga su da yatsu.

Wane Sinancin ake magana?

Duk alƙaluman nan na Putonghua ne, daidaitaccen harshen da Turawa ke kira Mandarin. Umarnin gwamnati na shekarar 1956 ya kafa shi a kan ƙafa uku: furuci na Beijing, tushe daga karin harsunan arewacin ƙasar, nahawu kuma daga fitattun rubuce-rubucen zamani da aka yi da harshen yau da kullum. Masu jin sa a matsayin harshen uwa sun haura miliyan 900. A cikin ƙasar Sin, binciken gwamnati ya nuna kusan kashi 53 cikin 100 na jama'a ne ke iya magana da shi a wajajen shekarar 2000; zuwa 2020 adadin ya kai kashi 80.72. Ragowar kashi 19 da ɗoriya a ƙasa mai mutum biliyan 1.4 ba ƙaramin taro ba ne, ya haura mutum miliyan 250. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya sauka a Guangzhou zai iya jin wani abu daban a titi, domin Kantonanci ne harshen gida a can, kuma jerin kalmominsa yakan saɓa wa na Putonghua a wasu wurare.

Huɗu, huɗu, shida

Littattafan makaranta na ƙasar Sin suna yanka jimla ta fuska biyu. Ta fuskar manufa iri huɗu ce: jimlar bayani, ta tambaya, ta umarni da ta motsin rai. Nan babu abin da zai tsayar da ɗan Hausa. "Wo he cha" ina shan shayi, "Ni he cha ma?" kana shan shayi?; "Women zou ba" mu tafi; "Tai gui le!" kai, ya yi tsada! Haka malamin nahawu ya raba mana namu a aji.

Ta fuska ta biyu ne abin yake da daɗin nazari. Ana duba me ya cika gurbin bayani, wato sashen da ke faɗin wani abu game da wanda ake magana a kansa, nan ma a samu huɗu. Na farko aikatau ne, kamar a "Wo chi fan", ina cin abinci, kuma shi ya fi kowanne yawa. Na biyu sifa ce tsagwaronta: "Ta hen gao", shi sosai dogo, ma'ana dogo ne. Babu dirka a nan, babu wani abu mai kama da "ne" ko "ce". Sinanci yana da kalmar "shi" da ke haɗa suna da suna, kamar a "Ta shi laoshi", malami ne, amma ba a saka ta gaban sifa a jimlar bayani ta yau da kullum. Wanda harshensa ya saba da "dogo ne" hannunsa zai riƙa kaiwa ga wannan kalma, kuma kuskure ne. Ita "hen" ɗin, duk da ana fassara ta da "sosai", sau da yawa cike gurbi kawai take yi. In aka cire ta sai jimlar ta ɗauki ƙanshin kwatance, kamar an ce shi ne ya fi tsawo.

Na uku suna ne zalla, ba aikatau ba dirka: "Jintian xingqiwu", yau Juma'a. Mu ma haka muke faɗa, ba tare da ƙarin komai ba. Da shi ake faɗin rana, shekaru da farashi.

Na huɗu shi ne wanda ya hana masana barci. Gurbin bayanin da kansa ƙaramar jimla ce cikakkiya: "Daxiang bizi chang", giwa hanci dogo. "Ta tou teng", shi kai ciwo. Wane ne aikau a nan, giwa ko hanci? Bahaushe zai ce "giwa, hancinta dogo ne", ya ɗaura hancin ga giwar da ɗan wakilin suna "ta". Basine ba ya buƙatar wannan igiya. Ya ajiye giwa a matsayin batu, sannan ya faɗi abin da zai faɗa a kanta.

Dalilin da ya sa wannan iri na huɗu yake zama kamar baƙo a cikin jadawalin yana da tarihi. Sinawa sun shafe ƙarnuka suna nazarin haruffa, sauti da ma'ana; ƙamusun Kangxi na 1716 kaɗai yana ɗauke da haruffa wajen 47,000. Amma cikakken littafin nahawu da ɗan ƙasa ya rubuta bai fito ba sai 1898, na Ma Jianzhong, wanda ya yi karatu a Faransa, ya kuma auna tsohon Sinancin littattafai da ma'aunin nahawun Turai. Li Jinxi ya yi wa harshen zamani irin wannan aiki a 1924. Ma'aunin aro ne, saboda haka duk abin da bai shige shi ba sai a buɗe masa gurbi na musamman.

Sai kuma shida: sassan jimla da ɗan makarantar Sin yake haddacewa. Biyu manya ne, abin da ake magana a kansa da abin da ake faɗa game da shi. Na uku karɓau. Ragowar ukun 'yan rakiya ne: mai siffanta suna, mai bayyana aiki, da ciko. Dokarsu gajeriya ce. Biyun farko kullum gaba suke zuwa, cikon kuma a baya. Za mu dawo ga wannan doka, domin a nan gizo yake saƙa.

Kashi 90 da kashi 50

A babban kundin tsarin harsunan duniya da ake kira WALS, masani Matthew Dryer ya jera harsuna sama da 1,370 bisa yadda suke tsara aikau, aikatau da karɓau. Wajen 565 suna kai aikatau ƙarshe, irin su Japananci da Turkanci da Barbarci. 488 suna sa shi bayan aikau, gaban karɓau. 95 suna farawa da shi, aikau ya biyo, sannan karɓau, kamar Larabcin littattafai. 189 ba su da tsari guda da ya rinjaya. Hausa da Sinanci da Turanci duka suna cikin 488 ɗin: Audu ya sha shayi, "Wo he cha".

Ba kowa ya yarda da haka cikin sauƙi ba. A 1974 Charles Li da Sandra Thompson sun kawo hujjar cewa Sinanci yana kan hanyar komawa sahun masu kai aikatau ƙarshe. A 1985 Chaofen Sun da Talmy Givón suka ce a daina musu, a ƙirga. Suka ɗauki rubutu da maganar baka suka lissafa, sai suka tarar karɓau yana bin bayan aikatau a fiye da kashi 90 cikin 100 na wuraren da ya fito. Inda aka gabatar da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, kuma galibi da dalili, ko dai ana kwatanta shi da wani abu, ko ana jaddada shi.

To amma ga wata lamba da take kamar tana ƙaryata wannan. Yuen Ren Chao, wanda littafinsa na nahawun Sinancin baka ya fito a 1968, ya kiyasta cewa jimlolin da suke bin tsarin "mai yi da abin da ya yi" ba su wuce rabi da yawa ba. A ganinsa, alaƙar da ke tsakanin sassan jimlar Sinanci biyu ita ce ta batu da sharhi.

Ta yaya 90 da 50 za su zama gaskiya tare? Ba abu ɗaya suke aunawa ba. Sun da Givón sun tambayi ina karɓau yake tsayawa idan akwai shi. Chao ya tambayi mene ne matsayin abin da ya buɗe jimla. "Yau Juma'a" da "giwa hanci dogo" ba su da karɓau, don haka ba sa cikin lissafin farko, amma suna cikin na biyu. Haka "Fan zuo hao le", abinci dafa gama, wato an gama abinci. Abincin ne a gaba, kuma ba shi ya dafa kansa ba. Sai a kuma tuna cewa ta farkon ƙidaya ce, ta biyun kuwa kiyasin masani ne da ya daɗe yana sauraren harshensa. Ni dai a ganina duka biyun suna da amfani ga mai koyo, amma ta Chao ta fi kusa da abin da kunne zai ji a kasuwa.

A nan ɗan Hausa yana da riba da Bature ba shi da ita. Mun saba da gabatar da batu: "Littafin nan kam, na karanta shi." Basine zai ce "Zhe ben shu wo kan guo", wannan littafi ni na taɓa karantawa. Bambancin ɗaya ne: mu mukan bar "shi" a baya ya riƙe gurbin, su kuwa su bar gurbin fayau. Duk abin da mai sauraro ya riga ya sani, jefar da shi ake yi. Aka tambaye ka "Ni chi le ma?", ka ci?, amsar ita ce "Chi le", ci gama. Babu ni, babu abinci.

3 cikin 500, 5 cikin 879

Ga lambobin da ya kamata a rubuta a bangon aji. A wani babi na WALS an duba harsuna 500 don a ga inda suke ajiye bayanin wuri ko na kayan aiki, irin su "a kasuwa" ko "da wuƙa". Harsuna 210 suna yin yadda Hausa take yi: aikatau, karɓau, sannan bayanin. Waɗanda suke sa karɓau bayan aikatau amma su kawo bayanin gaban aikatau uku ne rak, kuma dukansu 'yan gida ɗaya ne: Putonghua, Kantonanci da Hakka.

Ga yadda abin yake a aikace. Bahaushe zai ce: zan sayi yadi a Guangzhou gobe. Basine zai ce "Wo mingtian zai Guangzhou mai bu", ni gobe a Guangzhou saya yadi. Wane, yaushe, a ina, da wa, ta yaya, sai a ƙarshe a faɗi aikin. Mai koyo ya san kowace kalma a cikin jimlar, ya kuma san cewa karɓau yana bin aikatau, amma duk da haka ya gina ta a baibai, domin harshensa da Turancin da aka koya masa duka suna tura "a Guangzhou" zuwa ƙarshe.

Lamba ta biyu ta fi wannan ban mamaki. Cikin harsuna 879 da aka duba, 416 suna sa karɓau bayan aikatau, su kuma sa gangar da ke siffanta suna bayan sunan, kamar yadda muke cewa "littafin da na saya jiya". Masu sa karɓau a baya amma su kawo wannan ganga gaban suna biyar ne kacal: ukun da aka ambata, da Bai na lardin Yunnan, da Amis na Taiwan. Basine cewa yake "wo zuotian mai de shu", ni jiya saya DE littafi. Kome tsawon bayanin, sai an gama shi kafin a ambaci abin da ake bayyanawa. Mai sauraro zai haƙura har ƙarshe kafin ya san littafi ake nufi ko akuya.

Ba ƙidayar harsunan duniya duka ba ce, samfuri ne daga cikin wajen 7,000. Amma 3 cikin 500 da 5 cikin 879 sun yi ƙanƙanta da yawa a ce sa'a ce ta kawo su. Sinanci yana da gangar jiki irin ta Hausa, da gaɓoɓi irin na Japananci.

Wannan ne kuma ya bayyana wata lamba da ake yawan ambatawa ba tare da an faɗi dalilinta ba. Harafin da ya fi kowanne yawan fitowa a rubutun Sinanci na zamani shi ne "de", kuma shi kaɗai yana cin wajen kashi 4 cikin 100 na rubutu, wato harafi ɗaya cikin kowane 25. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mai siffantawa da abin siffantawa: "wo de shu" littafina, "hong de che" jar mota, "mai bu de ren" mutumin da ke sayar da yadi. Aikin da Hausa ta raba wa "-n", "-r", "na", "ta", "mai" da "wanda", can ɗan harafi guda ne yake ɗauke da shi.

Tun da kalmomin ba sa sauya siffa, matsayi ne yake ɗaukar ma'ana, kamar 12 da 21: lambobin ɗaya ne, wurin zamansu ne ya bambanta kuɗin. James Tai ya nuna a 1985 cewa jerin yakan bi yadda abubuwa suka auku a zahiri. "Ta zuo huoche dao Shanghai": ya hau jirgin ƙasa ya isa Shanghai. "Ta dao Shanghai zuo huoche": ya je Shanghai ya hau jirgin ƙasa. Kalmomi biyar ne iri ɗaya, tafiya biyu daban. Akwai kuma dokar babba kafin ƙarami: shekara, wata, rana, ƙasa, lardi, birni, titi, sunan dangi kafin sunan yanka.

Sifiri

Adadin sauye-sauyen da aikatau na Sinanci yake yi saboda lokaci, jinsi ko yawan masu aiki sifiri ne. Wannan ba baƙon abu ba ne ƙwarai a wurinmu, domin a Hausa ma lamirin da ke gaban aikatau ne yake ɗaukar yawancin nauyin: ya ci, zai ci, yakan ci. Amma Sinanci ya wuce mu a rowa. "Ta" shi ne, ita ce, a furuci babu bambanci. Ko a rubuce ma sai wajajen 1920 aka fara ware wa mace harafinta, kuma ana danganta yaɗuwarsa da marubuci Liu Bannong. Jam'i kuwa, wanda yake wahalar da duk mai koyon Hausa da gidaje da tumaki da itatuwa, can ɗafi ɗaya ne, "men", shi ma na mutane ne kawai.

Abin da ya maye gurbin lokaci 'yan ƙananan kalmomi uku ne da ke bin aikatau. "Le" tana nuna aiki ya kammala ko hali ya sauya. "Guo" daidai take da "taɓa" tamu: "wo qu guo", na taɓa zuwa. "Zhe" tana nuna hali mai ɗorewa: "men kai zhe", ƙofa tana buɗe. Korewa biyu ce, "bu" da "mei", duka gaban aikatau, babu ta rufewa irin "ba" tamu ta biyu. Kusan kowane malami zai gaya maka cewa "le" ita ce ta fi cin lokaci, domin ɗalibi yakan ɗauke ta alamar shuɗaɗɗen lokaci, alhali tana iya fitowa a maganar gobe.

Ciko shi ma a nan yake. Aikatau na Sinanci sau da yawa yunƙuri kawai yake faɗa, sai an liƙa masa wata kalma ta faɗi sakamako. "Zhao" nema ne, "zhao dao" an nema an samu. "Ting" saurare ne, "ting dong" an ji an gane, "ting bu dong" ana ji amma ba a ganewa. Ɗan kasuwa ya riƙe waɗannan biyu: "mai bu qi", kuɗin ba su kai a saya ba, "mai bu dao", kayan ne ba a samu ba.

Tambaya iri huɗu ce ita ma, kuma babu wadda take motsa kalma daga wurinta. Ko a ƙara "ma" a ƙarshe, ko a jera tabbatarwa da korewa, "Ni qu bu qu?", za ka ko ba za ka ba?, ko a ba da zaɓi da "haishi", ko a sa kalmar tambaya daidai inda amsar za ta zauna. Mu mukan ce "me suka saya?", mu ɗauko "me" mu kai ta gaba, har "sun" ta koma "suka". Su "Tamen mai le shenme?" suke cewa, sun sayi me.

Sau goma

Akwai jimloli na musamman da kowane littafi yake ware wa babi. Biyu sun fi shahara. Ta "ba" tana jawo karɓau gaban aikatau idan ana so a faɗi abin da aka yi da shi: "Wo ba men guan shang le", na rufe ƙofar. Ita ce babbar hujjar Li da Thompson. Sharaɗinta shi ne karɓau ya zama sananne, aikin kuma ya bar sakamako.

Ta "bei" ita ce ke gabatar da wanda aka yi wa aiki: "Qian bei tou le", an sace kuɗin. Richard Xiao da abokan aikinsa sun kwatanta taskokin rubutun Turanci da na Sinanci a wani bincike na 2006, suka tarar irin wannan gini ya fi yawa a Turanci kusan sau goma, kuma fiye da rabin jimlolin "bei" labarin abin da ba a so suke bayarwa: duka, sata, kamu, kora. Wanda yake tunani da Turanci zai cika magana da "bei" har ta gundure. Mai tunani da Hausa, wanda ya saba da "an gyara", "an dafa", ya fi kusa da hanya.

Wannan ɗanɗano na tilas ne matasan Sin suka mayar abin ba'a a intanet. Suka riƙa liƙa "bei" ga aikatau da ba ya karɓarta, kamar "bei jiuye", wanda aka rubuta a takarda cewa ya sami aiki ba da saninsa ba, ko "bei ziyuan", wanda aka tilasta wa sa kai. Abin ya yaɗu har aka zaɓi "bei" a matsayin harafin shekara na cikin gida a 2009.

Ga wani ɗan abin sha'awa ga masu zuwa kudu. Kwatance a Putonghua da "bi" ake yi: "Wo bi ta gao", ni BI shi dogo. Kantonanci kuwa yana amfani da kalma mai ma'anar wucewa, ya ce ni dogo wuce shi, wanda ya yi kusa ƙwarai da "na fi shi tsawo".

Awa 2,200

Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana sa Sinanci a rukuni mafi wuya: makonni 88, awa 2,200 a aji. Hausa tana rukunin makonni 44, awa 1,100. In ginin jimla ya taƙaita haka, ina awannin suke tafiya? Mafi yawansu rubutu da furuci ne suke cinyewa. Jadawalin haruffa na hukuma na 2013 yana da 8,105, kuma 3,500 na farko su ne na yau da kullum. Gwajin da aka yi wa wani jeri mai haruffa 3,500 a 1988 ya nuna yana rufe kashi 99.48 cikin 100 na rubutu. Gaɓoɓin furuci wajen 400 ne kawai, in aka haɗa da karin sauti huɗu su kai kimanin 1,300, shi ya sa kalmomi masu kama da juna suka yi yawa. Saya da sayarwa duka "mai" ne, karin sauti ne ya raba su. Sai kuma kalmomin awo da dole a sa tsakanin lamba da suna, "san ben shu" littafi uku, "liang ge ren" mutum biyu, abin da "guda" tamu take yi in an ga dama, can kuwa wajibi ne, kuma kowane irin kaya da tasa.

Amma a kan masu Turanci aka auna awa 2,200 ɗin, mutanen da harshensu ba ya bambanta ma'ana da karin sauti, ba ya cewa "yau Juma'a" ba tare da aikatau ba, kuma yake son ginin da Sinanci yake ƙyama. Ɗan Hausa ya shigo da waɗannan a aljihunsa. Asararsa tana wani wuri daban: dirkar da yake son sakawa gaban sifa, bayanin wuri da yake turawa ƙarshe, gangar siffantawa da yake ajiyewa bayan suna, da kalmar tambaya da yake jawowa gaba.

Sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin yana watsa shiri tun 1963, kuma Cibiyoyin Confucius suna koyar da Sinanci a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. Ɗalibanmu galibi ta Turanci suke shiga harshen, su koyi gyaran kurakuran Bature su bar nasu. Ya kamata sassan nazarin harsuna na Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai su ɗauki ƙa'idoji 48 na matakin farko, su jera kowace kusa da takwararta ta Hausa, su buga wa ɗalibai da 'yan kasuwa.